Mota Ta Shida

Sallama gare ku, masu bibiyata. Ke kuma da kika rubuto cewa tsohuwa ba ta da ta cewa a labarin soyayya, Allah ya ja kwananki har ki ga jikarki ta fara kifa waya in kin shigo ɗaki, sannan mu zauna. Ga sababbin zuwa: sunana Awadiyya, shekarata saba'in da ɗaya, talatin daga ciki na yi su ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata a Wad Madani. Yaƙi ne ya koro mu Alƙahira. Muna zaune a Dokki, hawa na huɗu, ni da ɗana Fadl da jikata Tagwa, wadda uwarta ta rasu ta bar mini tun tana rarrafe. Ubanta yana aiki a Jidda, ya damƙa mini wakilcinta a rubuce. Abin da zan ba ku yau laifina ne, ba na kowa ba.

Ranar Asabar da la'asar ina baranda ina tsince adas, ƙananan waken miya, a tire, Tagwa ta shigo tana raɓe-raɓe da bango. Baƙar abayarta ce mai dutse a hannu, da ɗankwali ruwan toka. Sai na hango wani abu rawaya ya daskare a bayan rigar, daga kafaɗa har ƙugu, har a jelar kitsonta.

"Zo nan. Juya."

"Habboba, wallahi na gaji." Habboba shi ne kaka a bakin mutanen Sudan, haka take kirana.

"Ni ma ba da hutu na tashi ba. Juya."

Na sa farce na ɓanɓaro. Abu kamar burodin da ya kwana uku a rana, ga warin man fenti.

"Fenti ne," in ji ta. "A mikrobas na jingina."

Ta faɗa tana sosa bayan kunne. Tun tana 'yar shekara huɗu in za ta yi ƙarya sai ta sosa wurin nan. Ta shiga wanka ta bar wayarta a kan firij, ni kuma, Allah ya yafe mini, na sa tabarau. Lambar sirrinta ranar haihuwata ce, kun ga ashe ba ni kaɗai ce mai laifi ba.

Husam: Kujerarki ta bushe. Ta fito daidai ke.

Tagwa: Habboba ta ga kumfar 😭

Husam: Khalas, faɗa mata gaskiya. Takardar ma sai da sa hannunta, ba ki cika ashirin da ɗaya ba.

Tagwa: Kawu Fadl zai haɗiye ni ɗanya

Husam: Alhamis da la'asar ake rufe rajista. Har yanzu mu biyar ne.

Husam ba baƙo ba ne. Sau biyu yana zuwa gaisuwa da kwalin basbusa, alkakin mutanen nan, yana durƙusawa har ƙasa. A nan aka haife shi, amma uwarsa 'yar Maiurno ce, garin Hausawan Sudan, Hausarsa tana fita tsaf sai dai da ƙamshin Larabcin Masar. Yana da garejin gyaran motoci a Mohandessin. Fadl ya yi bincike ya dawo yana washe baki, ya ce yaro ba ya shan komai sai shayi, a sa rana kawai. Ni ce na ce a dakata, ban gama karanta shi ba.

Da ta fito, tawul a ka, na miƙa mata wayar. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta zauna a ƙasa ta jingina da gwiwata.

Ga abin da ta faɗa. Akwai filin tsere a cikin sahara bayan garin Sitta Oktoba. Ana tseren manyan motoci, akwai kuma rukunin 'yan koyo: ƙananan motoci masu kujera ɗaya, tayoyi a waje, ba rufi. Daga nan mai son sana'ar yake farawa. Husam ne yake riƙe da rukunin, shi ma yana tuƙa ɗaya. Kumfar kuwa, ashe ba a sayen kujerar irin wannan mota. Jaka ake shimfiɗawa a ciki, a zuba ruwan magani kala biyu, direba ya zauna a kai kada ya motsa har kumfar ta taso ta kama siffar bayansa ta daskare. Ta Tagwa jakar ce ta yage.

"Wata huɗu ina zuwa, Habboba. Duk Asabar ɗin da na ce ina laburare."

"To ai kin yi karatu. Sai dai ba na haɗa magunguna da muka tura ki jami'a ba."

Ashe Fadl yana bakin ƙofa da ledar burodi a hannu. Ya ajiye ta a hankali, irin ajiyewar da na san hayaniya ce ke biye.

"Tsere? 'Ya mace? A ƙasar mutane? Hajiya, gobe in magana ta kai unguwannin Faisal da Ardil Liwa, da wane ido za mu dubi dangi? Ai shi ya sa na ce a ɗaura auren nan. In ta shiga ɗakinta duk wannan rawar kan zai kwanta."

"Ɗakin wa? Ɗakin wanda ya zuba kumfar?"

Ya sunkuya ya ɗauki ledar burodinsa, don bai lissafa wannan ba.

Bari in gaya muku abin da Fadl ba ya son a tuna. Ranar da muka bar Madani, direban da muka yi ciniki da shi ya ji ƙarar bindiga ya ajiye makulli ya bi gonaki. Fadl don tsoro ko makullin ya kasa sakawa. Tagwa ce, tana 'yar sha takwas, wadda ta koyi tuƙi a tsohon boksin kakanta, wato a-kori-kura, a gona, ta ja mu mutum tara har Gadarif, rabin hanyar ba kwalta. Ranar ban ji wanda ya ce 'ya mace ce ba. Salati kawai ake yi ana cewa taka, Tagwa, taka. Mutanenmu haka suke: in wuta ta kama, kowa ɗan gida ne, in ta mutu sai a tuna wane ne mace.

Amma kada ku ɗauka na goyi bayanta. Tsoro nake ji kamar kowace kaka. Na ce ba zan sa hannu a abin da ban gani da idona ba.

Ranar Talata da hantsi Husam ya zo ya ɗauke mu. Na ɗaura laffayata ruwan zuma mai ɗigon fari, na sa takalmin da ba ya cizo, na cika filas da shayi. Ya buɗe mini gaba.

"Angona," na ce masa, "ashe satar mini jika kake yi duk Asabar, ko tukuici babu."

"Ma'alish, Habboba. Na so in faɗa, aka hana ni." Ya saci kallon madubi. Tagwa ta harare shi daga kujerar baya.

Filin yana da faɗi, kwalta baƙa ta yi ta lanƙwasa cikin yashi. A wata rumfar kwano motocin suke jere, ƙasa-ƙasa, ko gwiwata ba su kai ba. Na ƙirga: goma sha ɗaya an lulluɓe su da tamfol, ƙura ta yi musu bargo. Shida ne a buɗe. Direbobin da na tarar, ban da Husam, duk furfura ta fara. Wani mai tumbi, likitan haƙori wai, sai da mutum biyu suka danna shi ya shiga.

"Waɗannan ne 'yan koyon?"

Husam ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Da na fara, mota ashirin da biyu ke tashi. Yanzu yara ba sa zuwa. Daga ƙananan motocin wasa sai su tsallake zuwa Dubai in uban yana da hali, in ba shi da shi su koma tsere a waya. Na rage kuɗin haya, na yi bidiyo, na sa waƙa, na biya aka tallata. Mutum dubu arba'in suka kalla. Uku suka zo gwaji, ba wanda ya dawo. Yaran yanzu ba su da haƙuri, Habboba."

Wannan magana tun ina budurwa nake jinta, kuma a lokacin mu ne yaran yanzu. Na ce a nuna mini inda zan zauna.

Aka duba, aka rasa. Wani ya kawo taya ya kifa. Rana ta take, inuwa ɗaya ce, ta motoci ce. Na tambayi banɗakin mata, aka ce makullin yana hannun wani, wanin kuma sai Asabar yake zuwa. Can gefe na hango wata mata Bamisriya a cikin mota, gilashi a rufe, inji yana aiki saboda sanyi, ɗanta yana leƙen motocin ta waya, ita kuwa sai duba agogo take.

Na yafito Husam. "Yaran ukun nan da suka zo gwaji, shekarunsu nawa?"

"Sha shida, sha bakwai."

"Wa ya kawo su?"

"Iyayensu mata."

"A ina suka zauna?"

Ya dubi tayar da nake kai. Ya dubi matar cikin mota.

"Shekara talatin ina cika aji da 'yan mata a garin da ake cewa boko ɓata lokaci ne. Ban taɓa lallashin yarinya ba, yarinya a shirye take. Uwar nake kira in ba ta kujera da shayi, ta ga inda 'yarta za ta wuni. Kai kana ta yi wa yara kiɗa, alhali mai sa hannu ka bar ta a rana. Uwar da ta riƙe fitsari awa uku tana kallon ɗanta yana gudu da ransa, kana zaton za ta dawo? Ka kafa rumfa, ka sa kujeru, ka ajiye mai bayani ya nuna mata hular kwanon da ɗamarar da ke riƙe shi. Ka karɓo makullin nan."

Ya ciro waya yana rubutawa kamar ɗalibi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Tsufa bai kashe mini son a ce na iya ba.

Sai Tagwa ta fito cikin rigar tsere shuɗiya, ta sa wata farar hula mai rufe kai da wuya kafin hular kwano. Na ce a raina, to, Fadl, ga sutura har ta fi ta gida. Ta zame cikin motar, aka ɗaure ta, inji ya ɗauka. Zagayen farko ban kalla ba, carbi na kalla. Na biyu na ɗaga ido. Ban san tsere ba amma na san lissafi: sauran suna shiga kwana kamar masu gardama da ita, ita kuwa tana yanka ta ta inda hanya ta fi gajarta, ba gaggawa, kamar mai yanka atamfa. Likitan haƙori ya fito yana share zufa ya ce da Larabci, "Hajja, wannan 'yar taku ba ta da tausayi."

Da a nan muka tsaya, da na sa hannu a kan bayan mota mun dawo gida lafiya. Amma ina neman inda zan zuba sauran shayi sai idona ya faɗa kan wani farin allo a bangon rumfar. Layi shida. Biyar da sunaye. Na shida ba kowa, an zagaye shi da jan alƙalami har sau uku.

Na tambayi likitan. Ya ce ai Asabar ce tseren ƙarshe na bana. Masu filin sun ce in mota shida ba su tsaya a layin tashi ba, baɗi babu rukunin, motocin kuma a sayar. Husam da hannunsa ya tada su ɗaya bayan ɗaya, shekara bakwai.

Kun san zuciyar tsohuwa. Nan take ta hau lissafi. Wata huɗu da fara zuwanta. Wata uku da fara gaisuwarsa. Basbusa, durƙuso, Habboba kaza. Yaro yana neman direba ido rufe, sai ga marainiya mai hannu, wadda takardarta ke wurin wata tsohuwa. Na haɗa, na raba, amsar ta fito mini baƙa.

Ranar Laraba na aika ya zo, na tura Tagwa sayen garwashi. Na dafa jabana, gahawarmu ta Sudan, na sa turaren wuta, na zuba masa a ƙaramin finjali. Fadl yana gefe yana jan carbi. Takardar tana kan tebur, biro a kanta.

"Husam, tambaya ɗaya. Jikata kake so, ko layi na shida?"

Finjalin ya tsaya a hanya. "Habboba?"

"Na ga allon. In da direba takwas gare ka, da ka san hanyar Dokki?"

"Wallahi tun kafin in ga tuƙinta..."

"Bar rantsuwa. Ɗalibar da ta kawo mini amsa ba ta nuna yadda ta samo ta ba, sifili nake ba ta ko da amsar daidai ce. Nuna mini aiki."

Fuskarsa ta canza. Ba fushi ba, wani abu ne kamar na wanda aka mara a gaban surukai. Ya ƙarasa kofin, don yana da tarbiyya, ya ajiye, ya ce, "Tamam. Na ji." Ya yi sallama ya fita. Fadl ya ce, "Hajiya, kin kori miji." Na ce mijin da tambaya ke kora, gara ya tafi da wuri. Har na ji kaina ya yi girma.

Alhamis da hantsi ina shafa man zafi a gwiwa, saƙo ya shigo wayata. Hoton allon ne. Layi na ɗaya, inda sunan Husam yake, an goge, an rubuta Tagwa. Layi na shida yana nan ba kowa. A ƙasa ya rubuta:

"Habboba, na janye sunana. Ta hau motata, ta fi sauran lafiya, na mayar da kujerarta ciki. Da ita da babu ita yanzu ba za a kai shida ba, ba ta cike mini komai ba. Ki sa mata hannu don Allah, ta yi tsere ko sau ɗaya ne. Ga aikin."

Na karanta sau uku. Na cire tabarau na goge na sake. Yaron ya ɗebe kansa daga lissafin don in ga abin da ya rage. Shekara bakwai na aikinsa, da motoci goma sha bakwai, da yaran da ba su riga sun zo ba, ya ɗora a kan tire ya miƙo wa tsohuwar da ta ga allo ta yi zato. Ni da nake taƙama ba na karɓar magana don kowa ya faɗe ta, ga shi na karɓi wadda ta fi kowacce tsufa: wai namiji ba ya zuwa sai da dalili.

Na ɗauki biro na sa hannu. Na kira Tagwa daga kicin, ta fito hannu duk ƙullun wainar kisra. Na miƙa mata takardar, na miƙa mata wayar, na faɗa mata abin da na yi jiya, ban rage ba.

Na zaci kuka za ta yi, ko ta rungume ni. Ta karanta, ta goge hannu a zani, ta ninke takardar gida huɗu.

"Ba zan kai ba."

"Ke! Ba abin da kike so ke nan ba?"

"Ku biyu kun zauna kun sha jabana kun raba ni, ke kin gwada, shi ya ci jarrabawa. Wa ya tambaye ni? Habboba, wata huɗu ina bin bayan mutumin nan. Saura rabin daƙiƙa tsakanina da shi. Rabin daƙiƙa! Ni ba motarsa nake so ba. Gabansa nake so in wuce yana kallo."

Fadl ya yi tari ya juya fuska. Na rantse dariya ce.

Ta kira shi, waya a kashe. Ta sake, a kashe. Ta kira garejin, aka ce yana ƙarƙashin wata mota ya ce kada a haɗa shi da kowa. Ta kira ofishin rajista a Ma'adi, suka ce wanda ya janye yana iya dawowa, amma sai ya zo da ƙafarsa ya sa hannu kafin la'asar, ba a karɓa ta waya.

Na dubi agogon bango. Sha biyu da kwata. Daga Dokki zuwa Mohandessin, daga can a haye kogi zuwa Ma'adi, ranar Alhamis, lokacin tashin makarantu. Wanda ya san Alƙahira ya san abin da nake nufi.

"Ko na je ba zai saurare ni ba," in ji Tagwa. "Ba ni na tambaye shi ba."

Gaskiya ta faɗa. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Ni kuwa, jama'a, mijina Allah ya jiƙansa ya yi shekara arba'in da ni bai taɓa jin na ce na yi kuskure ba. Shugabannin makaranta huɗu sun yi ritaya suna jira. Yau ga ni zan je gareji, in sunkuya da wannan gwiwar, in faɗa wa ƙafafun wani yaro da ke ƙarƙashin mota.

Na miƙe na jawo laffaya daga kan ƙofa, ko guga babu.

"Fadl, kawo makullin motarka."

Ya tashi da sauri yana laluben aljihu. "Bari in sa takalmi in kai ku."

"Kai da kake tsayawa kowa ya wuce? Sai magariba mu isa. Ba ta."

Ya dube ni. Ya dubi Tagwa da ƙullu a goshinta. Makullin yana lilo a yatsansa, ni ina ƙirga daƙiƙa. Sannan ya miƙa hannu ya sake shi a tafinta.

"Ki bi ta gada," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kuma kakarki ce a ciki."

"Yalla, Habboba," in ji Tagwa, ta riga ta kai bene. "Ki ɗaura bel. Haƙurin da za ki ba shi kuma ki fara haddacewa tun yanzu, hanyar ba za ta yi tsawo ba."